Ƙafar Baba a Saƙo Goma Sha Biyu

Kwamba, Suleja,
Lahadi, 13 ga Yuni, 1999.

Zuwa ga Yaya Sailuba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma damina ta sauka muku da alheri a Gawu. Mu nan da godiya, sai dai jikin Baba.

Yaya, an ɓoye miki gaskiya ne don kina da goyo. Tun da bulo ya faɗo masa a wurin gini a Abuja, ƙafar ba ta daina kumbura ba. Likita ya ce ran Alhamis za a yanke ta daga ƙasan gwiwa. Zazzaɓi ba ya barin Baba ya gane magana sosai, don haka Kawu Datti ne zai sa hannu a takarda. Inna kuwa tana zaune a gaban keken ɗinkinta, ba ta taka shi.

Kin san ina shara da fotokwafi a shagon Oga Segun, inda ake aika saƙo ta kwamfuta, wanda suke kira imel. Ta nan muka sanar da Yaya Nasiru da ke karatun likita a Alkahira. Ya ce malaminsu likitan ƙashi ne, zai duba idan an aika masa hoton ƙashin. Oga ya ɗauki hoton da injin sikanin, mai shigar da hoto cikin kwamfuta, amma sau uku saƙon yana dawowa. Wai ya yi nauyi, akwatin imel na Yaya Nasiru ba ya karɓar babban kaya. Sai ya matse hoton ya zama ƙarami, ya tafi. Amsa ta zo cewa ya yi dishi-dishi, ba a ganin komai. Oga ya ce ya yi iyakarsa, mu kai gidan waya. Ta gidan waya mako uku ne, Yaya. Alhamis saura kwana huɗu.

Na roƙi Kawu a ɗan jira. Ko kallona bai yi ba. Sai ya ce wa Inna ta ja mini kunne, wai yarinyar da ko sakandare ba ta leƙa ba ta fara gyara wa likita aiki. Kin san halina, baƙo ya yi sallama ɗaki nake gudu. Na bar wurin. Amma ban yarda ba.

Ki gaishe mini da kowa. Direban motar Lambata zai kawo miki wannan.

Ƙanwarki,
Asama'u.

Laraba, 16 ga Yuni.

Yayata,

Sallama da fatan alheri. Yaya jikin jaririn? Baba yana nan yadda yake.

Na yi laifi, kuma ba na nadama. Ran Litinin ina kallon wata riga da Inna ta yanka ba ta haɗa ba, hannu daban, gaba daban, baya daban. Sai na ce a raina, idan hoton ba zai shiga gaba ɗaya ba, me zai hana ya tafi gunduwa-gunduwa, Yaya Nasiru ya haɗa a can?

Oga ya hana ni taɓa kwamfuta, ko gogewa shi yake yi da kansa. Amma wata takwas ina shara a bayan kujerarsa, kuma idona ba a rufe yake ba. Na ga yadda yake zana ɗan akwati a kan hoton fasfo, injin ya ɗauki wurin nan kaɗai. Jiya ya tafi Abuja sayen takarda. Ina ganin ya hau mota na zauna a kujerar.

Na raba hoton gida goma sha biyu, jeri huɗu, kowane jeri uku. Ban yanka daidai-daidai ba. Kowane yanki na bar masa baki kamar yatsa biyu daga na kusa da shi, yadda Inna take barin bakin ɗinki, don Yaya ya ga inda zai ɗora wannan a kan wancan. Na sa wa kowanne lamba. Turancina bai kai ba, da Hausa na rubuta masa cewa ya riƙa kwashewa yana share akwatinsa, kada ya cika. Allah ya taimake ni, a lokacin yana zaune a ɗakin kwamfutar makarantarsu. Na farko ya tafi bai dawo ba. Na biyu ma haka. Kowanne sai ya ci kusan minti ashirin, layin waya ya yanke sau biyu.

Ina kan na biyar Oga ya shigo. Ya yi ta faɗa da Turanci da Hausarsa, wai na tare masa layi, mutane sun zo sun koma, idan injin ya lalace kakana ma ba zai gyara ba. Ya ce in tashi. Yaya, ban san daga ina muryar ta fito ba. Ban ɗago kai ba, na ce, "Oga, saura bakwai."

Ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallon allon. Ya tambaye ni wa ya koya mini barin baki, na ce Inna. Ya bar ni har na goma sha biyu ya tafi. Sannan ya ce in ajiye masa tsintsiyarsa, kada in dawo aiki. Na ajiye. Ban ba shi haƙuri ba.

Yau ruwa ya kashe layi, babu amsa. Gobe Alhamis. Ki yi mana addu'a.

Taki,
Asama'u.

Juma'a, 18 ga Yuni.

Yaya Sailuba,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida, da fatan kun tashi lafiya.

Jiya da safe na riga kowa zuwa asibiti, na zauna a ƙarshen gadon Baba. Da aka miƙo wa Kawu takarda, na ce a gaban nas da majinyata, "Kawu, ƙafar Baba ce. A jira amsar Yaya." Ya ce ba ni da kunya. Ya juya wurin Inna, yana jiran ta kore ni. Inna ta gyara mayafinta ta zo ta zauna kusa da ni. Likita ya ce tunda bakinmu bai zo ɗaya ba, ya ba mu kwana ɗaya tak, kuma in ciwon ya haura sama, mu sani mu muka ja.

Wannan maganar ta tsorata ni ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Da azahar na je shagon, na tsaya a layi kamar kowa. Oga ya miƙo mini amsar Yaya Nasiru, takarda shafi biyu, ya ce duka sha biyun sun haɗu, ya ci gaba da aikinsa.

Likita ya karanta sau biyu, bai yi fushi ba. Malamin Yaya ya ce a yadda ya ga ƙashin, akwai abin gwadawa kafin yanka, idan an kai shi asibitin ƙashi da wuri. Likita ya rubuta mana takardar zuwa Kano, ya ƙara wa Baba allura. Kawu bai amsa gaisuwata ba har yanzu. Zan ci gaba da gaishe shi, amma maganar ba zan janye ba.

Ban san abin da za su ce a Kano ba, Yaya. Wataƙila su ma su ce yanka. Amma gobe da safe, in Allah ya yarda, da ƙafafunsa biyu Baba zai shiga mota, kuma ni zan riƙe masa mai ciwon.

Ki sumbatar mini jaririn. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Asama'u.