Tsabar Masara a Kan Tudu

Zuwa ga ɗana Modu,

Bayan gaisuwa, ya aikin sito, ya iyali da yara?

Shekara nawa ina faɗa, ku masu tara kayan agaji, ku riƙa ajiye mana gari, ba tsaba ba? Bana ma kogin Haɗeja ya kore mu kan tudu. Kwalekwale ya kawo masara, mun gode, amma injin niƙa na cikin ruwa. Babarka ta ɗauki taɓarya da kafaɗarta mai ciwo, wai ai yaron nan ne ya aiko. Na ƙwace na daka, mata suna ta dariya.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida jikokina. Amma kai ko manyanka, wani ya ba ni amsa kafin wata damina.

Mahaifinka,
Bukar