Muryata a Shagon Mai Caji

Daren Laraba, bayan isha'i

Yau na ji muryata a bakin titi. Inna ta aike ni sayo daddawa, na zo wucewa ta shagon mai cajin waya, sai na ji waƙar fim ɗin nan ta soyayya tana tashi a lasifika. Ba kiɗa, muryata ce zalla, har da 'yar dariyar da na yi a ƙarshe. Na ja hijabi na rufe fuska.

Ranar Juma'a na rera ta a ɗakin su ƙawata Hadiza, ƙofa a rufe. Ta ɗauka a wayarta, ta rantse muna gama saurare za ta goge.

Da na same ta a Islamiyya na ce, "Hadiza, amanar ke nan?"

Dariya ta yi. "Ke dai kin cika tsoro, Ummi! Yaya Nura kaɗai na tura wa. Ai yabonki ake, an ce har Mai'adua 'yan acaɓa na sa ta."

A littattafan da nake karantawa, kan saurayi ƙawa take cin amana. Ni ko saurayin ba ni da shi, haka kawai ta yi min. Wallahi na tsani waya, ba ta kunya, ba ta mantuwa.

A shagon nan Baba yake kai tasa caji kowace safiya, har ya zauna a benci a taɓa hira. Shi yake biya min karatun Alƙur'ani tun ina ƙarama. Ba sai an gaya masa ko muryar wa ce ba.