Ƙorafi a Kan Mariƙin Na'urar Waƙa da Aka Ɗauke Mini

Daga: Mai gyaran wutar mota, Shago na 14, Layin Baya, Kasuwar Kayan Mota

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Masu Gyara da Sayar da Kayan Mota

Kwanan wata: 9 ga Satumba, 2024

Game da: Ɗauke mini aikin hannuna da ɓata mini suna da ya biyo baya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da kujerarka, ina neman izinin gabatar da kukana. Shekarata goma sha tara a wannan ƙungiya, ban taɓa kawo ƙarar kowa ba, ko ta maƙwabcin da ya tare mini ƙofar shago da mataccen inji wata uku. Yau na kawo, kuma ta Sakataren ƙungiyarmu ce, mutumin da muka koyi aiki a hannun maigida ɗaya, mutumin da kuma 'ya'yana ke kira Baffa.

1. A farkon bara na haɗa mariƙi na ƙaramar na'urar sauraron waƙa, irin wadda direbobi ke jefawa kan kujera tana zamewa har ƙarƙashin birki. Yana maƙalewa a ramin iskar gaban mota, ya riƙe na'urar kam, yana kuma yi mata caji daga ramin kunna sigari. Wata bakwai na yi ina lanƙwasa ƙarfe ina zubarwa kafin ya zauna. Direbobin tasha shaida ne, domin a motocinsu na gwada shi, su ne ma suka laƙaba masa suna "Na Sha Huɗu", wato lambar shagona.

2. Ranar 3 ga Maris na bana Sakatare ya same ni a shago, ya shaida mini cewa wani kamfanin motocin haya na neman irin wannan mariƙi da yawa, kuma zai gabatar da nawa gaban kwamitin kamfanin da sunana. Na ɗauko wanda ya fi kyau, na goge shi, na haɗa masa da takardar zanen. Ban ce ya sa hannu a komai ba, kunya ma ba za ta bar ni ba. Har bakin titi na raka shi ina godiya. Sau biyar na tuntuɓe shi bayan nan, sau biyar yana ce mini kwamiti bai zauna ba.

3. Ranar 18 ga Yuli na je sayen wayar wuta a shagon surukin Sakatare, sai ga mariƙina jere a kan kanta, cikin leda mai sheƙi, da sunan wani kamfani da ban taɓa ji ba. Ba zargi nake yi ba, ranka ya daɗe. A gefen hagu na kowanne akwai ɗan gurbi. Kowa a layinmu ya san bel ɗin fankar mota ya cire mini manunin hannun dama tun ina saurayi, kuma na yi gurbin nan ne don in riƙa buɗe mariƙin da babban yatsa da na tsakiya. Mai yatsu goma ba shi da abin da zai yi da shi. Sun kwafi aikin har da nakasata. Da na tunkari Sakatare a ofis, cewa ya yi dabara kan yi kama da dabara, kada in tara masa mutane, sannan ya ci gaba da cin abincinsa.

4. Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na haɗiye. To amma a cikin kan cajar nawa akwai ƙaramin fiyus, shi ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa. A nasu babu. Ko tsimi ne ko rashin sani, ban sani ba. Zuwa jiya direbobi goma sha ɗaya sun zo mini da na'urorinsu a ƙone, ɗaya kuma wayar gaban motarsa ta yi hayaƙi da fasinjoji a ciki. Har yanzu "Na Sha Huɗu" suke ce masa, saboda haka ƙofata suke zuwa. Riba ta tafi can, zagi ya zo nan. Wani dattijon direba da nake yi wa aiki shekara goma sha biyu ya ajiye tasa na'urar a kan teburina, ya kai motarsa shagon gaba. Wannan ya fi mini zagin ciwo. A makon jiya mota biyu kacal ta tsaya a ƙofata, kuma da sunan nan kaɗai nake ciyar da gidana.

Bisa ga haka, cikin ladabi nake roƙon ofishinka abu uku. Na farko, a kira ni da Sakatare gaban kwamitin ƙungiya, a ajiye nawa da nasu a kan tebur, a tambaye shi amfanin gurbin da ke gefen hagu. Na biyu, a dakatar da sayar da nasu har sai an sa fiyus. Ni da kaina zan nuna musu inda ake sa shi, kyauta, kafin wata mota ta kama da wuta da 'ya'yan mutane a ciki. Na uku, a sanar a babban taro cewa wanda ke ƙona kayan jama'a bai fito daga hannuna ba.

Ina neman afuwa idan lafazina bai yi daidai da na ofis ba. Duk takardar da na taɓa aikowa nan, Sakatare ne ya rubuta mini ita a kan bencin shagona, wannan ce ta farko da na rubuta ni kaɗai. Na kuma san ƙa'idar ofishinka, cewa shi ke buɗe wasiƙu kafin su iso teburinka. Don haka shi zai fara karanta wannan. Ina roƙonsa ya miƙa ta kamar yadda take. Idan bai miƙa ba, kai ba za ka san na rubuta ba, amma shi ya sani.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Mai Shago na 14, Layin Baya