Shirun Makaɗi na Bakwai

Cachoeira, Bahia
Ranar Talata

Zuwa ga Zenaide, baƙata, kyakkyawata, sanyin ruwan kwakwa a tsakar rana, ruwan farko a kan gonar rake, hasken safiya a kan kogin Paraguaçu sa'ad da masunta ke tura kwalekwale! Zuwa ga mai digiri uku da murmushi ɗaya da ya fi su duka nauyi! Zuwa ga Dakta Zenaide dos Anjos, wadda jami'a ke kira da cikakken suna, ni kuwa nake kira Naide in ji bakina ya cika da zaƙi kamar na tsotsi mangwaro!

Yau kwana arba'in da ɗaya rabon da ki sauko daga motar Salvador a tasharmu. Kowace Asabar sai in sa farar rigata in je in tsaya kamar mai jiran gwamna, har direban ya gaji da tausayina ya koma tsokanata. Makon jiya leƙo kai ya yi ta taga ya ce, "Deusdete, yau ma ban ɗauko jami'a ba, buhunan albasa ne!" Duk tasha ta kwashe da dariya. Haba Naide! Haka ake yi wa mutum mai shekara hamsin da biyu da ciwon gwiwa? Wane laifi gwiwata ta yi miki?

Kin tuna Lahadin da kika fara zuwa, shekara shida da suka wuce? Da la'asar ne, muna kiɗa da rawar samba a tsakar gidan mahaifiyata, Inna Eufrásia, a ƙarƙashin mangwaro. Kika shigo da jaka a kowace kafaɗa, da takalmi mai tsini, da na'urar naɗar sauti mai gashi a ka kamar mushen ɓera. Kika ce kin zo nazarin kiɗan baƙar fata. Inna ta dube ki sama da ƙasa ta ce, "Wannan ba ta ci komai ba tun safe. Ku ba ta ƙosai da barkono kafin ta fara auna mu." Kika ci uku. Sannan kika zauna a gabana da littafi, kika tambaye ni abin da nake ji in ina bugun ganga. Na ce zafi nake ji a tafin hannu. Wallahi sai kika rubuta!

Da kiɗa ya kankama, Inna ta shiga fili ta juya, ta zo ta taɓa ki da cibiya, yadda mata ke yi in za su miƙa wa wata rawa. Kika ce a'a, ke kallo ya kawo ki. Ta ce, "'Yata, wa ta haife ki?" Kika ce mai wanki ce a unguwar Liberdade. Ta ce, "To cire takalman nan, ƙafar uwarki na cikinsu tana shan wahala."

Kika cire. Wayyo Naide, wayyo ni! Ƙafafunki suka soma jan ƙasa a hankali kamar ruwa yana neman hanya tsakanin duwatsu, kafaɗunki tsit kamar bakin kogi da asuba, zanenki ya buɗe kamar furen kabewa ya ga rana. Digiri uku suka zube a gindin mangwaro ba wanda ya waiwaye su! Ni kuwa, da na shekara talatin ban taɓa kuskure bugu ba, ko a ranar da muka raka mahaifina kabari, sai hannuna ya tsaya a sama. Numfashi ɗaya, ko ɗaya da rabi. Sannan na farga na ci gaba. Ke kin juya mini baya, ba ki gani ba. Na'urarki ta ji, amma na'ura ba ta da ido.

Wannan shi ne sirrin da na ɗauka shekara shida, yau kuma na sauke shi a gabanki, don kin san abin da ya biyo baya. Kin koma ofis, kin saurari wurin sau ɗari, kin rubuta shafi arba'in a kan wannan ɗan shirun. Kin ce numfashin kakanninmu ne da ya yanke a cikin jiragen bayi, makaɗi ke bar musu gurbi su shaƙa. A littafin nan ba ni da suna. Ni ne Makaɗi na Bakwai, wai don a kare mutuncina. Wata uku na yi ina karanta shi da ƙamus a gefe, na haɗu da kalmomin da ko limamin cocinmu ya ce bai san su ba. Ranar da kika kawo mini shi muna tsaye a kan gadar ƙarfe, kina shafa bangonsa, idonki cike da hawaye. Ta yaya zan buɗe baki in ce miki, Dakta, ba kakanni ba ne, ƙugunki ne?

Kuma ki ji ni da kyau, farin cikin raina: ba ƙarya kika rubuta ba. Baƙin cikin mutanenmu yana cikin gangar nan, a kowane bugu, tun daga kakata da aka haifa a gonar rake. Wurin da kika nuna da yatsa ne kawai ba nasu ba. Wannan naki ne.

Bayan nan kika riƙa zuwa wata-wata, sannan mako-mako, sannan kika fara manta na'urar a gida. Kin san ranar da na tabbata? Ranar da kika ci miyar kifi da manja da madarar kwakwa da hannu, kika bar littafinki a ƙarƙashin tukunya, kika yi barci a ragar lilo da tabarau a fuska. Na zare shi a hankali kamar mai ɗauke ƙwan tantabara. Tun daga ranar nan ban ƙara zama mallakin kaina ba.

Da ma ban je taron nan naku ba! Ke kika matsa, kika ce babban taro ne na duniya a kan kiɗan baƙar fata da wariyar launi, dole a gan ni. Na sa kwat ɗin da na yi aro, na isa ƙofar ɗakin taro da gangata a cikin jaka. Maigadi ya dubi jakar, ya dube ni, ya ce, "Masu gyaran na'urar sanyi ta baya suke shiga." Na bi ta baya, ta madafa, a nan kuwa na gano inda aka ajiye baƙaƙen taron: suna suya, suna wanke kofuna, suna jera faranti. A cikin zauren mutum ɗari biyu na ƙirga mu biyar, har da ke, har da hoton da ke jikin fosta.

Sai Farfesa Otávio Pimentel ya hau mumbari, shi da kuke neman babbar kujera guda ta sashenku. Fari tas kamar ɓararren rogo, amma yana da wata kakar kaka baƙa da ba wanda ya taɓa ganin hotonta. Takan farfaɗo duk lokacin da za a zaɓi mai zuwa taro Paris, ta koma kabari in an dawo. Ya ce a ƙasarmu babu fari babu baƙi, duk jini ɗaya ne. Aka tafa, har aka ji a madafa. Sannan aka sa kiɗana a lasifika. Da aka zo wurin shirun, zaure duka ya rufe ido, wata baturiya daga Jamus ta fashe da kuka. Ya kira ni gaba, ya dafa kafaɗata kamar mai tallar doki, ya ce, "Uban kiɗa, a lokacin nan da hannunka ya tsaya, kukan kakanni ka ji, ko ba haka ba?"

Na dube ki a layin gaba, kin damƙe biro kamar za ki karya shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da na gani a lokacin ya fi ƙarfin hannuna." Suka miƙe tsaye suna tafi. Mutum ɗari biyu, masana kiɗa, kuma Allah shaida ko tafin ba su daidaita ba!

Da a nan aka tsaya da mun tsira. Amma a wurin shan shayi sai kika manta inda kike, kika sa yatsa kika kakkaɓe mini ɓurɓushin burodi a gemu, kika ce, "Dete, kai dai har yau ba ka iya cin abu ba." Na ga idon Otávio a kan yatsan nan kamar idon shirwa a kan ɗan tsako. Kafin mako ya zagayo ya kai ƙararki gaban kwamitin jami'a: wai mai bincike ta faɗa soyayya da abin bincikenta. Abin bincike, ni ke nan! Shi da ya auri ɗalibansa biyu, ɗaya bayan ɗaya, sashe kuma ya aika da furanni a bukukuwan duka biyun!

Daga nan sai saƙonki a waya: "Ka ba ni lokaci, Dete." Shi ke nan. Matar da ta rubuta shafi arba'in a kan numfashi ɗaya, ni layi guda ta rubuta mini!

Ban yi fushi ba, inuwar raina, na rantse ban yi ba. Na san shekara ashirin da biyu kika yi kina hawa matakalar nan. Na san ranar da kika fara aiki wani abokin aikinki ya miƙa miki kofinsa ya ce a ƙara sukari. Na san mahaifiyarki ta ƙare hannuwanta a wankin rigunan irin waɗannan mutane, ta rasu ba ta ga an kira ki Dakta ba. Babu baƙar mace da ta taɓa zama a kujerar nan tun da aka gina sashen da ke ci daga kiɗanmu. Wane ne ni da zan tare miki hanya? Amma kuma ya zan yi da wannan ƙirjin? Mangwaro ya nuna yana faɗuwa ba mai ɗauka. Kogi ya cika ya janye ya sake cika, ke ba ki zo ba. Ina bugun ganga ranar Lahadi kamar mai daka gero, har Inna ta ce in ba zan yi kiɗa ba in tashi in ba mutane wuri. Ina kika ajiye dariyarki, Naide? Wa ke tuna miki ki ci abinci? Wa ke gaya miki in kin yi magana mai tsawo?

Jiya ɗan aike ya kawo mini ambulan daga kwamitin, fom ne mai shafi uku da hatimi biyu, a mayar kafin Juma'ar mako mai zuwa. Tambaya ta farko, launin fatata. Inna ta ce, "Su zo su duba mana, ai ba a ɓoye take ba." Tambaya ta biyu, alaƙata da mai bincike: ɗan'uwa, ma'aikaci, babu, ko wani abu dabam, a yi bayani a layi biyu. Layi biyu, Naide! Tambaya ta uku kuwa, wai ko alaƙarmu ta shafi sakamakon binciken. Na yi dariya har tari ya kama ni, Inna ta kawo ruwa tana cewa yaron nan ya zautu.

Da na karanta mata sauran, ta ajiye ludayi ta ce, "Ka rubuta babu, ka bar yarinya ta hau kujerarta. Waɗanda suka aiko takardar nan, gaskiya suka taɓa gaya mana?" Na ɗauki takardar burodi na gwada rubuta "babu" a bayanta, don in ga yadda zai yi kama. Da na dube shi sai na ji kamar na wuce ki a kasuwa ban gaishe ki ba. Na juya na gwada rubuta gaskiya. Sai na hango Otávio a kan kujerar, yana koya wa 'ya'yan masu wanki tarihin kakanninsu har shekara ashirin masu zuwa, da kakar kakarsa a aljihu. Wannan ma ya gagare ni.

Don haka ga abin da na yi. Na cike tambaya ta farko da kaina, da manyan baƙaƙe, don ita ba ta buƙatar shawara. Na sa hannu a ƙasa, da cikakken sunana da kwanan wata. Sauran na bar su fili, na naɗe fom ɗin a cikin wasiƙar nan. Ki cike da hannunki, ke da kika iya rubutu.

In kin rubuta babu, ba zan ƙaryata ki a gaban kowa ba. Su kira ni su rantsar da ni, zan ce Dakta ce kawai mai yawan tambaya. Zan riƙa ce miki ranki ya daɗe a bainar jama'a har furfura ta gama da ni, kuma ranar da za a naɗa ki zan zo, ta gaba ko ta baya, in tsaya a ƙarshen zaure in kalle ki kina zama. In kuwa kin rubuta gaskiya suka hana ki, to akwai kujera a gidan nan. Ta katako ce, ƙafarta ɗaya ta ɗan gaje, amma na riga na sayo ƙusa, kafin ki iso na gyara ta.

Abu ɗaya ne ban bar miki fili ki cike ba, don ba kwamitin da zai zauna a kansa: ina son ki, Zenaide. Ina son ki da kujera, ina son ki ba kujera, ina son ki ko kin zo ko kin aiko da shiru. Kogi ya ƙafe, rake ya daina zaƙi, fatar gangata ta yage, ni ina nan inda kika bar ni.

Naki, da hatimi ko babu hatimi, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Deusdete Bispo da Paixão