Mijina Bai Daina Yi wa Marigayin Ɗanmu Cefane Ba

Anti Lorraine,

Don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa maganar nan. Duk wanda ya ji sai ya ce, a kan cefane za ki kashe aurenki da tsufanki?

Ni da maigidana Wendell duk mun haura sittin. A nan Toledo ta Amurka muka reni 'ya'ya uku, shi yana tuƙin motar makaranta, ni ina aiki a ɗakin wanki na wani otal. Ba zan yi wa babban kantin sari na bakin hanya butulci ba, shi ya rufa mana asiri. Kowace shekara mu biya kuɗi mu sabunta katin zama mamba, kowace Asabar mu cika bayan mota da shinkafa, da kaji, da madara, a kan rahusa.

'Yan matan suka yi aure suka tafi. Autanmu Dustin ya faɗa shan ƙwaya. Da aka sallamo shi daga gidan jinyar masu shaye-shaye, ya dawo mana daga fata sai ƙashi. Wendell ba mai magana ba ne, abin da ya iya shi ne ciyarwa. Ya sayo wata firiza ya kafa a gareji, duk Asabar su tafi kantin tare. Dustin ke tura keken kaya, yana zagaya matan da ke ba da ɗanɗano kyauta yana cewa, "Inna, wanda kika ba ɗazu ɗan'uwana ne, tagwaye muke, ni ban samu ba." Wendell yakan ce mini, "Muddin yaron nan yana cin abinci, yana tare da mu." Ya murmure, har ya samu aiki. A kakar bara muka shiga ɗakinsa da safe muka tarar rai ya yi halinsa.

Tun daga nan Wendell bai fasa zuwa ba ko Asabar ɗaya, kuma abin da Dustin ke so shi yake sayowa. Katan-katan na soyayyun kaji, da naman gwangwani, da cukun da ko gidan biki ba zai cinye ba. Shi kansa ba ya ci sosai. Ni kuma likita ta ce zuciyata ta yi rauni, ta hana ni gishiri, alhali abincin nan rabinsa gishiri ne. Ƙafafuna har sun fara kumbura.

Sai na koma wani ƙaramin kanti a tsohuwar unguwarmu, na wata dattijuwa Madam Zielinski. Tana yanka mini kifi daidai cin mutum biyu, tana ajiye mini burodi marar gishiri, karas ko uku nake so za ta sayar mini. Akwai tsada, ban musa ba. In Wendell ya ga ledarta sai ya ce, "Uwar gida an je wajen masu sayar da karas da kuɗin zinariya ke nan?" Ni kuma in ce gara tsadar da aka ci da arhar da aka zubar. Haka muke yi kullum.

Da bazara guguwa ta katse mana wuta muna can wajen 'yarmu Marnie a Columbus. Muka dawo gareji yana warin mushe. Ni na kwashe ruɓaɓɓen naman ina amai ina kuka. Asabar na zagayowa ya sake cika firizar maƙil.

Da lokacin sabunta kati ya zo, ni ke da alhakin biya, sai na ƙi, kuma ban gaya masa ba. Ya je ya cika keke, ya bi layi, mai karɓar kuɗi ta ce katinsa ya mutu. Bai yi gardama ba, bai kuma sabunta ba, ya bar kayan a wurin ya dawo. Abin da ya ce mini kawai, "Ke ma kin gaji da yaron ke nan." Tun ranar bai ƙara cin girkina ba. A gareji yake wuni, a zaune kusa da firiza.

Marnie ta ce in tattaro in dawo wurinta kafin gidan nan ya kashe ni. Anti, ni ce na yi laifi? In tafi ko in zauna?

Mahaifiyar Dustin, daga Toledo

*

'Yar'uwata,

Kafin komai, ina miki ta'aziyya. Allah ya jiƙan ɗanki.

A maganar kantuna kowannenku yana da gaskiyarsa. Kantin sari na gida mai baki da yawa ne, da kayan da ba sa lalacewa, irin su sabulu, shinkafa, mai da garin kofi. A kan waɗannan Wendell ya fi ki hujja. Amma nama da kayan lambu na mutum biyu, ɗayansu ba ta cin gishiri, ƙaramin kanti ya fi, ko da kuɗinsa ya ninka. Ki ci gaba da zuwa wurin Madam Zielinski, kada ki nemi izinin kowa. Kumburin ƙafa ga mai ciwon zuciya ba abin jira ba ne, ki ga likitarki a makon nan, kuma ki roƙi Wendell ya raka ki ya ji da kunnensa. Yana jin maganarki a matsayin faɗa, ta likita kuwa zai ji ta a matsayin gargaɗi.

Kin tambaya ko kin yi laifi. A kan katin, kin yi. Kina da dalilin gajiya, amma kin bar shi ya sha kunya a gaban baƙi, a wurin da ya rage masa na tunawa da ɗansa. Ki ba shi haƙuri a kan wannan kaɗai, ban da abincinki. Ki faɗa masa da bakinki cewa ba ki gaji da Dustin ba. Wasiƙarki ta nuna mini kun shekara kuna musu a kan farashi don kada ku ambaci sunan yaron. Ke za ki fara ambata, tunda shi ba zai iya ba.

Sannan ki sabunta katin, ku je tare, ki bar shi ya saya. Amma kafin ku fita ku yi magana a kan inda kayan za su sauka. A garinku ba za a rasa gidan da samari masu fama da barin ƙwaya ke zaune ba, ko cocin da ke raba abinci. Mijinki mutum ne da ke nuna ƙauna da ciyarwa, kuma yanzu ba shi da wanda zai ciyar. Wataƙila ya ƙi da farko. Kada ki matsa, ki sake tayawa. Ku nemi taron iyayen da suka yi irin rashinku, in ya ƙi zuwa ki je ke kaɗai.

Kada ki tattara tukuna, Marnie tsoro ne ke magana a bakinta. Amma in sanyi ya shigo yana nan a gareji, lafiyarki kuma tana ƙara taɓarɓarewa, ki tafi wurinta ki huta, ki gaya masa dalili da ranar dawowa. Ba zan yi miki alkawarin zai koma yadda kika san shi ba, wasu iyayen ba sa komawa. Amma 'ya'yanki mata sun binne ƙaninsu bara, kada ki bari su binne uwarsu bana.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya zukatanku ku biyu.

Anti Lorraine