Na sa kilim ɗin da solar ba za ta ɗauka ba, na bari aka zargi wata

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a zage ni, don na riga na zagi kaina.

Ni mai aikin wutar lantarki ne a Tawa. Ina da aboki tun na ƙuruciya, yana neman abinci a Abijan. Mahaifiyarsa, da nake kira Inna, tana wani ƙauye wajen Bambeye, tana fama da ciwon suga. Ni na haɗa musu solar shekara biyu da suka wuce, saboda firigon (firijin) da ake ajiye allurarta. Da zafin bana ya matsa, sai ya kira ni ya ce in sa mata kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ya tambaye ni, "Batiran nan za su ɗauka kuwa?" Na san akwai kilim mai cin wuta kaɗan da ya dace da solar, amma sai an jira a kawo shi daga Yamai. A shagona kuwa akwai wani babba, tsohon yayi. Ban zauna na yi lissafin wutar ba, ina son a ce ni mai cika aiki ne da wuri. Na ce, "Za su ɗauka, kar ka damu," na je na sa mata babban. Me ya hana ni cewa a jira sati biyu?

Ba a yi wata guda ba batiran suka gaji. Wuta ta riƙa ɗaukewa ba wanda ya lura, firigo ya ɗume, allurar ta lalace ana ta yi mata ita a haka. Kwana huɗu Inna ta yi a asibiti nan Tawa. Da abokina ya kira yana tambayar abin da ya faru, sai na tuna na ga dutsen guga na lantarki a ɗakin ƙanwarsa. Bakina ya ce, "Wataƙila akwai mai jona dutsen guga." Ita fa wannan baiwar Allah ɗinkinta ta bari a birni ta koma ƙauye jinyar uwarsu. Ya kira ta ya wanke ta tas, har ya ce ita ta so kashe Inna.

Ranar da aka sallame su na je gaisuwa. Ƙanwar ta biyo ni bakin ƙofa, ba faɗa ba hayaniya, ta ce, "Yaya, kai ka san aikin ga. Wallahi da gawayi nike guga, ban taɓa jona shi ba. Ka gaya mai, kai yake jin maganarka." Na ce mata to. Yau sati uku ban gaya masa ba. In na je, ita ke kawo mini ruwa. Da wane ido zan sha?

Jiya ya turo saƙo, wai in ƙara batir, in kuma sa wa akwatin wutar kwaɗo, in riƙe mabuɗin a hannuna don kada ta sake taɓawa. Tun ranar da ya wanke ta bai ƙara yi mata magana ba, Inna kuma kullum kuka take a kan su biyun.

In na faɗi gaskiya, na rasa amini, sunana ya ɓaci a garin da nake ci da iyalina. In na yi shiru, ni zan rufe kwaɗon nan a gaban idonta. Jibi nake da alkawarin zuwa.

Jama'a, me zan yi?