Kunu Daga Hannun Briskila

Dukawuya, Kano

Yayata Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan kina lafiya, ke da Baban Talatu da yara. Yaya ciwon ƙafar? Ni kam da sauƙi, sai kewa.

Saƙonki ya iso. Wai an kwantar da Asibi a asibitin kusa da Ƙofar Mata, ɗanta ya ajiye ta ya koma girbi, ba mai jinyarta, kuma kina so in leƙa. Haba Yaya! Ni?

I, sunanta na kira gatsal. Uwar mijina ce, amma ta tashi daga surukata tun ranar da Filibus ɗana yake kwance da zazzaɓi, ta tara gari ta ce ni na kama kurwarsa, ni da na haife shi. Kina wurin aka sa na tsallake shi a gaban jama'a, wai mayya ta saki yaro. Kafin la'asar ya cika. Daga nan ko ruwa ba mai karɓa a hannuna. A majami'a ma, in na sha ƙoƙon jibin Ubangiji, ta kusa da ni sai ta miƙa shi gaba ba ta sha ba. Kin manta ne?

Nan ba wanda ya san wannan. Hajiya Mabruka, tsohuwar da nake kula da ita, daga hannuna take ci, har tsiya take min wai na cika yaji a miya. Sai dai ranar Lahadi ni kaɗai ce a unguwar nan ke neman a-daidaita zuwa Sabon Gari, in dawo ba wanda zan ba labarin wa'azi.

Ba zan je ba. Ki gai da kowa.

Ƙanwarki,
Briskila

Yayata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan hatsi ya shigo lafiya.

Kin tayar min da tsohon miki. Tun da na baro gida ban sake shan jibi ba. In ƙoƙon ya zo sai in sunkuya ya wuce. In ana addu'a aka zo wajen gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, sai in kama bakina. Allah dai ba a yi masa wayo.

Matar fasto ta lura, ta zaunar da ni bayan sujada, na amayar mata da komai. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce in daina jira sai zuciyata ta huce, in kai wa Yesu ita da zafinta, shi ne mai wanki. Muka durƙusa, na yi kukan da ban samu yi ba ranar da aka binne Filibus.

Jiya na wuce ta marina, na ga hannun masu rini shuɗi har gwiwa, sabulu ya gaza. Na ce haka cikina yake. Na kai har ƙofar asibitin, ƙafata ta ƙi, na juyo. Ki sa ni a addu'a, Yaya, na gaji da ɗaukar kayan nan ni kaɗai.

Taki,
Briskila

Yayata Rifkatu,

Salama gare ki da dukan gida.

Na je. Hajiya ta ga na dama kunun tsamiya, ta ƙara min alkaki ta ce ba a zuwa dubiya da hannu ɗaya. Ba ta tambaye ni ko wace ce ba.

Da ƙyar na gane surukar tawa, duk ta zube. Kowane gado da mai jinya da kwanuka, nata fayau. Ta gane ni. Na zuba kunun a kofi na miƙa mata. Ta daɗe tana kallon kofin, har na ce a raina, to, yau ma za a maimaita. Ashe hannunta ne ba ya ɗaguwa. Na tallafi kanta na kai mata baki, ta shanye tas.

Ba ta ce in yafe mata ba, kada ki ƙara wa zancen gishiri. Sunan Filibus kawai ta kira, hawaye na bin kunnenta. Na goge mata, na wanke mata ƙafa, na canja mata zane. A hanyar dawowa na ji ƙirjina sakayau, kamar na sauke tulu.

Ranar Lahadi na yi addu'ar nan har ƙarshenta. Ƙoƙon ya zo, na sha.

Har yanzu ni kaɗai nake kwana, kuma Filibus ba zai dawo ba. Amma ki sa a share ciyawar kabarinsa, zan zo Kirsimeti. Bari in tsaya nan, ruwa ya tafasa, Iya tana jiran kununta a asibiti.

Ƙanwarki,
Briskila